Kushewar Mode

…amma nan ne. Nan ne mana, in ba nan ba ina? Ga tsohon gidan Turawan can bisa dutse, farinsa ya dafe, igwa biyu masu tsatsa sun leƙo ta katanga. Ga itacen kwakwa uku da suka karkata gefe ɗaya. Ga rumfar jirage inda ƙanensa Mode ya cika a kan cinyarsa. Komai yana nan yadda Halliru ya bar shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Komai — ban da filin.

Filin da ya binne Mode. Babu shi. Ruwa ne a wurin, ruwa har iyakar gani, yana tafasa ba wuta.

Ya runtse ido. Ya buɗe. Ruwa.

Kwana arba'in da bakwai daga Goronyo, wani a ƙasa, wani a bayan babbar mota cikin buhunan albasa, wani a ɓoye cikin ciyawa don kada masu kamun soja su haɗa da shi. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi ta. Duk don ya zo ya tsaya gaban ruwa? Ruwa kam ai akwai a gida!

Mode, ɓatan kai niy yi ko? Hwaɗa min. Garuruwan bakin tekun ga kamarsu guda…

A'a. Ba ɓatan kai ba ne, shi ma ya sani. Igwar hagu bakinta a fashe yake. Ya tuna ta sarai. Ita yake kallo ranar, lokacin da numfashin Mode ke fita guntu-guntu, don ya kasa kallon fuskar.

“Kac ce ƙasa mai laushi ta?”

“Mai laushi, Inna.”

“Kac ce ka daidaita mai gabas?”

Inna Habi, mahaifiyarsu, zaune a ƙofar ɗaki can Goronyo, ranar da zai taso. Idanu sun tafi tun bara, hannu sai ƙashi. Ta laluba bakin zanenta ta yage da haƙori — haƙoran ma nawa suka rage? — ta danƙa masa. “Ɗebo min ƙasar kushewatai, ko cikin hannu guda. In an zo aza ni, a sa min ita ƙarƙashin kai. Ban ga tahiyatai ba, bari in kwanta bisa abin da yak kwanta.” Liman ya ce wannan ba ya cikin littafi. Ta ce liman bai haifi Mode ba. To, wa zai ja da tsohuwar da ta riga ta ɗinka likkafaninta? “Kar ka daɗe,” ta ce, “ba ni kai damina.”

Ƙyallen yana nan cikin aljihu. Ya taɓa shi. Yana nan. Ƙasar ce ba ta nan.

Garin nan kuwa… gari ne ko kufai? Bai fi gida talatin ba, duk sun ba hanya baya. Babu namiji ko ɗaya, sun shiga ruwa tun da asuba watakila. Mata ne kawai cikin hayaƙin banda, suna juya kifi, ba mai cewa ci kanka. Ya yi sallama sau uku, iska ta ɗauke. Karnukan ma ba su yi masa haushi ba, sun dube shi sun mayar da kai. Kare ya ga baƙo ya ƙi haushi? Kuma wannan ƙarar, wannan ƙarar da ba ta hutawa, huuu… shaaa… Gulbin Rima ko ya cika ya batse ba ya magana haka. Rima ruwa ne mai kunya. Wannan kuwa sai ka ce wani ƙato ne kwance yana numfashi ta baki.

Ga wani turke an kafa a bakin ruwa, daidai inda filin ya kamata ya fara. Da babu shi. An ɗaɗɗaure shi da fararen tsummoki, wasu sun ruɓe, wasu sababbi fil. A gindinsa kwasfar ƙwai da 'yar ƙwarya. Tsafinsu ne, ina ruwansa. A'uzu billahi. Amma tsigar jikinsa ta tashi, kuma bai san don mi ba.

Shekarar fara suka zo. Fara ta sauka Goronyo da Rabah har Wurno, ta cinye gero tun bai nuna ba, ta bar kara tsirara. Halliru ne ya ji wani falke a kasuwar Wurno yana cewa a bakin teku kifi ɗaya ya kai maraƙi, kuma ana neman mutanen da suka san ruwa. Suka san ruwa! Wa ya kai su? Jikokin Sarkin Ruwa ne su. Halliru tun bai yi kaciya ba yake kwanciya bisa gora ya ƙetare gulbi. Ya dubi launin ruwa ya gaya maka zurfinsa. Ya sunsuna laka ya gaya maka kwana nawa da janyewar ruwa.

“Yaya, ni ban son nisa.”

Mode yana dariya ya faɗa, da wushiryar nan tasa. Shekararsa goma sha tara. Bai taɓa wuce Taloka ba.

Ni nic ce ka taso. Ni. Inna tac ce a bar ka, nic ce namiji ba ya zama gindin uwa. Ka tuna? Kar ka tuna…

Idanun Mode ne suka fara, suka yi rawaya tun saura kwana huɗu su iso. Sai amai baƙi. Ya goya shi ranar ƙarshe, da hantsi suka shigo garin nan, kafin azahar an gama. Ko kifin bai gani ba. Ko tekun, sau ɗaya ya ɗaga kai ya ce, “Yaya, wanga gulbi ina ƙetarenai?”

Kuma a hanya sun ga abin da duba-gari ke yi wa mai irin ciwon nan. Sun gani da idonsu: aka cinna wa bukka wuta, aka ja gawa da ƙugiya, aka jefa rami aka zuba farar ƙasa. Ba wanka, ba salla, Bature tsaye can nesa da ƙyalle a hanci. Mode? A ja Mode da ƙugiya? Haba. Sai dai a ja su biyu.

“Kai ɗan'uwa! Daga wace ƙasa?”

Hausa! Halliru ya juya har sanda ta faɗi. Wani tsoho ne zaune a bayan rumfar yana gyaran komar kamun kifi, ƙafa ɗaya ta shanye, tsohuwar rigar soja ba maɓalli. Yari sunansa, in ji shi, mutumin Maikujera. Tun yaƙin farko aka sallame shi, ya yi ta gangarowa har hanya ta ƙare a nan, shekara shida ke nan. Hausar ta yi tsami a bakinsa don rashin abokin yi.

“Baba, wace shekara ruwa yac cinye hilin da an nan?”

“Wane hili?”

“Nan. Hili babba, da tudun yashi tsakiya.”

Tsohon ya dube shi, ya dubi rana, ya koma kan komarsa. “Zamna ka ci kihi. Jira azahar.”

Jira azahar? Mi azahar za ta yi? Tsufa ne, ko zaman kaɗaici ya taɓa shi. Halliru ya zauna dai, don ƙafa ta ƙi tsayuwa. Kifin yana hannunsa, bai kai baki ba.

Waccan ranar, shi kaɗai ya yi wa Mode wanka, da ruwan da ke cizon ido. Ya yage farar rigarsa ta Juma'a ya naɗe shi. Kabbara huɗu, shi liman shi jama'a. Ya saɓa shi a kafaɗa — kai, ashe haka ciwo ke cinye mutum, bai fi damin kara nauyi ba — ya fito yana neman ƙasa. Bayan gari duk dutse. Maƙabartarsu cike da gumaka da sanduna a gicciye. Sai ya juyo… ga fili. Faɗi, sumul, da damshi, da 'yan layukan nan da ruwa ke bari in ya tafi. Fadama sak! Irin wadda ake bi da kaka a dasa albasa da dankali. Ya duƙa ya taɓa, ya sunsuna. Ruwa ya janye, sai baɗi. Kuma ga tudu a tsakiya, irin wanda ko ambaliya ba ta hawa. Ya san irinsa. Shi fa ya san ruwa.

Taki ɗari uku da goma daga kwakwar tsakiya. Ya ƙirga, don wata rana.

Da karyayyen filafilin tuƙa jirgi ya haƙa, har ƙugu. Ya shimfiɗa ganyen kwakwa saboda damshi. Ya kwantar da shi kan dama, fuska gabas, ya kwance ɗaurin kai. Matan garin suka fito bakin gaɓa suna ihu, suna wurga hannuwa. Wata har ta sheƙo da gudu ta kama damtsensa tana ja, tana nuna ruwa can nesa, tana surutu da yarensu. Ya fizge. Ya ɗaga filafilin. Ba su son Musulmi cikin ƙasarsu, ko? To ƙasar Allah ce! Ya mayar da yashi, ya kafa filafilin a kai, ya yi addu'a, ya ɗauki hanya nan take kafin labari ya kai wa duba-gari. Bai waiwaya ba.

Sau nawa ya ba da labarin nan? A zaman makoki. A bakin gulbi. A kunnen Inna duk daren Juma'a. “Halliru ya cika ɗan'uwa,” haka ake cewa har Shinaka. Ya kai yaron mutane ya mutu, i, amma ya rufa masa asiri, ya binne shi kamar ɗan Musulmi, shi kaɗai cikin baƙin yare. Wannan ɗaya ne abin da yake riƙewa in ya kwanta. Wannan ɗaya tak.

Tsaya.

Dutsen can na cikin ruwa… ɗazu kansa kawai ake gani. Yanzu ga ƙugunsa.

Idonsa ne? Yunwa ce? Ya zuba wa turken tsummokin ido. Ɗazu kumfa tana lasar gindinsa. Yanzu akwai taki biyar tsakaninsu. Ba wanda ya buɗe komai, ba wanda ya datse komai, rana tana tsakiya, ba alamar hadari. Ruwa yana tafiya. Yana ja da baya a hankali, yana zuwa yana komawa, amma kowace komawa ta fi zuwan nisa. Abin da Rima ke yi cikin wata uku, ga shi ana yi gabansa tsakanin hantsi da azahar. La'ilaha illallahu. Wane irin gari ne wannan?

Matan ba su ko ɗaga kai ba.

Taki ashirin. Hamsin. Jirgin da ke rawa bisa ruwa ya zauna a laka ya kwanta gefe. Ƙananan ƙaguwa sun fito dubu-dubu suna gudu a karkace. Ga layukan. Ga shimfiɗar nan mai sheƙi. Ga… wayyo Allah, ga tudun! Yana fitowa kamar bayan dorina.

Mode! Ga ka nan! Nic ce ban ɓata ba! Ga ni, ga ni tahe…

Ya manta sanda. Ya manta kumburi. Daga gindin kwakwar tsakiya: ɗaya, biyu, uku — yashin yana tsotsar ƙafa yana saki — sittin, sittin da ɗaya. Murna ce ke tura shi, amma akwai wani abu a ƙarƙashin murnar, wani abu mai sanyi da yake ƙin dubawa. In ruwa ya tafi yau… a'a, ƙirga dai. Ɗari biyu. In ya tafi yau, ashe ɗazu yana… ƙirga! Ɗari uku. Da takwas, da tara, da goma.

Nan.

Babu filafili. To, shekara goma sha ɗaya, itace ne, ya ruɓe. Babu tudun kabari. Iska ce ta baje. Amma tudun ma kamar ba nan yake ba da, kamar ya matsa hagu, kuma ya fi da tsawo. Tudu yana tafiya? Ya durƙusa. Ba zai tona ba, haram ne, sama-sama kawai zai ɗiba. Hannunsa ya shiga yashi. Ya ƙara shiga. Wa ya ce ya tona? Ba shi ba ne, hannuwan ne. Har gwiwar hannu. Ramin yana cika da ruwa ta ƙasa, gefe yana zubewa, yana haƙa yana rufewa. Ko ganyen kwakwa ɗaya. Ko zare ɗaya na farar riga. Ɓawon kumba kawai, da wata tsutsa ja.

Matsa gaba. Watakila takinsa ya gajarce, tsufa ne. Nan. A'a, nan. Ramuka huɗu, biyar, duk sun zama ƙananan rijiyoyi suna kallonsa.

“Kai! Hito daga nan!”

Yari ne, ya ɗingiso da sandar Halliru, yana haki, ya tsaya nesa kaɗan ya ƙi hawa tudun.

“Ba a taka wurin ga. Kuma ruwa ya juyo, shina zuwa.”

“Shina zuwa… yaushe, Baba? Baɗi?”

Tsohon ya yi dariya har da tari. “Baɗi! Yanzu. Sau biyu kullum, ɗan'uwa, dare da rana, tun da Allah yay yi duniya. Ya tahi, ya komo. Kahin la'asar ta yi sanyi, inda kake durƙushen ga ya shanye mutum tsaye.”

Sau biyu.

Kullum.

“Baƙo da ido makaho na,” in ji Yari, yana share hawayen dariya. “Kahin in zo garin ga, sun ce wani ɗan ƙasarmu ya taɓa gina kushewa nan. Nan! Mata na ta hwaɗa mai ruwa na zuwa, yaɗ ɗauko icce za ya buge su. Ko awa biyu ba a yi ba ruwa yar ruhe. Kwana ukku suna ganin hwarin ƙyalle na yawo bakin gaɓa, ya zo ya koma, ba mai iya taɓawa. Turken can nashi na. Har yau suna ba shi ƙwai don ya bar masu jiragensu lahiya.” Ya girgiza kai. “Ko wawan wane gari na, oho. Taso mu tahi.”

Ya juya yana ɗingishi. Bai jira amsa ba.

Wawan Goronyo na, Baba. Jikan Sarkin Ruwa.

A zuci ya faɗa. Matar nan da ta kama damtsensa… har yau yana iya jin yatsunta. Kuka take yi ashe. Ya ga hawayen a lokacin, ya ce na ƙiyayya ne. Da ya tsaya, da ya zauna bakin gaɓa ko na shan ruwa, da ya gani da idonsa, da ya tone shi ya goya shi ya kai bayan dutse. Awa biyu. Yana can yana sauri a hanya, yana gode wa Allah da ya ba shi ikon rufa wa ƙanensa asiri, ashe a bayansa… Lokacin da ya tsaya sallar la'asar gindin wata bishiya ya roƙa wa Mode sanyin kabari, a lokacin nan ruwa yana…

Kwana uku yana zuwa yana komawa. Yaron da ba ya son nisa. Wa yake nema a bakin gaɓa?

Kuma ƙwai suke ba shi. Mode, mai azumin Litinin da Alhamis, an mai da shi dodon ruwa, ana ɗaura masa tsumma. Shekara goma sha ɗaya arna na ciyar da ƙanensa don tsoro, shi kuwa yana can Goronyo ana sa masa albarka.

Sanyi a yatsun ƙafa. Ya duba. Wani siririn ruwa ya zagayo ta bayan tudun, shiru, ba kumfa, ya shiga tsakaninsa da gari. Ramukan da ya haƙa sun haɗe. Can gaba ƙarar ta canja, ta matso.

Ƙyallen Inna yana hannunsa, a buɗe. Yaushe ya fito da shi? Yashi ga shi nan ko'ina. Ya ɗiba ya ƙulle, wa zai sani? Makauniya ce. Za ta sunsuna, ta ɗanɗana da harshe, ta ce, “Gishiri gare ta.” Ya ce haka ƙasarsu take, Inna. Ta rungume ƙullin ta mutu da sanyin rai, a sa mata ƙarƙashin kai, yashin da jiya yana wani wuri, wanda bai taɓa sanin Mode ba. Ya yi wa uwarsa ƙarya har cikin kabari. Da bai sani ba, ba ƙarya ba ce. Yanzu fa?

Ko ya koma hannu wofi. Ya durƙusa gabanta ya ce Inna, ɗanki bai kai la'asar cikin ƙasa ba. Ba shi da kushewa. Ni nib ba ruwa shi da hannuna, nik kore waɗanda sunka zo cetonai. Ta ji wannan, sannan ta mutu.

Wanne? Mode, wanne? Kai ka hi ni sanin zuciyarta…

Ya damƙi yashi. Ruwa ya zo ya bi ta tsakanin yatsu ya kwashe. Ya sake damƙa. Ya kasa kai shi ga ƙyallen, ya kasa saki.

Ruwa ya kai idon sawu. Daga gaɓa ana kiransa, muryar tsoho da wasu muryoyi sirara, iska tana yayyanka su. Zai taso. Yanzu zai taso. Amma ko sallama ce sai ya yi, kwana arba'in da bakwai, ko sallamar da ake yi wa mutanen kabari. Ana tsayawa ne ta wajen fuskar mamaci, kusa, yadda zai ji. Ya miƙe da ƙyar. Ya fuskanci inda ya haƙa, babu alamar komai, ruwa ya shafe. Ya juya wajen turke. Ya juya wajen dutse. Ya juya kudu, inda babu ƙetare.

“Assalamu alaikum…”

Ruwan ya kai gwiwa, yana jan rigarsa a hankali. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, tun daga wuya har ƙafa. Bakinsa a buɗe, sauran kalmomin sun tsaya.

Mode, ta ina huskarka take, in tsaya?